Kwas Ɗin Da Aka Nema Da Kwas Ɗin Da Aka Samu

A shekarar 2022, alƙaluman hukumar JAMB sun nuna cewa ɗalibai sama da 360,000 ne suka nemi likitanci da haɗa magunguna da sauran fannonin lafiya a jami'o'in Najeriya, alhali guraben wannan ɓangare gaba ɗaya ba su kai 44,000 ba. A fannin shari'a, mutum sama da 80,000 ne suka yi cincirindo a kan guraben da ba su cika 9,000 ba. Da aka leƙa tsangayar ilimi kuwa, inda ake horar da malaman makaranta, sai lissafin ya juye: gurbi ya haura 110,000, masu nema ba su kai rabin haka ba. A fannin noma ma kujerun sun fi masu son zama a kansu yawa.

Duk mai son ya gane dalilin da ya sa ɗalibi zai kai aji uku a jami'a amma in aka tambaye shi abin da yake karantawa sai ya amsa da sanyin murya, to daga nan ya kamata ya soma. Mutum dubu ɗari uku da ɗoriya da suka rasa fannin lafiya ba ɓacewa suka yi ba. Wasu sun koma gida jiran baɗi. Wasu sun nufi makarantun jinya da na kimiyyar lafiya na jihohi. Waɗanda iyayensu ke da hali an tura su Masar ko Indiya ko Sudan, kafin yaƙin da ya ɓarke a Khartoum a watan Afrilun 2023 ya sa aka kwaso su a motoci da jirage. Amma kaso mai tsoka jami'o'in gida ne suka ɗauke su, suka zuba su inda ke da sarari: ilimin tsirrai, ilimin dabbobi, kemistiri, koyar da bayoloji, kimiyyar ƙasar noma. Waɗannan su ne ɗaliban da za ka ji suna cewa "kwas ɗin da aka ba ni", ba "kwas ɗin da nake yi" ba. Saboda haka kafin a tambayi ɗalibi ko ya gamsu da zaɓinsa, sai an fara tantance ko shi ne ma ya yi zaɓin.

Ga yadda injin yake aiki. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, maki 400. Kowace shekara ana zama a tsayar da mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 140 a 2024, 150 a 2025, amma wannan ƙofar waje ce kawai. Kowace jami'a, kowane sashe, yana da nasa ma'aunin, kuma tun 2005 aka ƙara jarrabawar tantancewa da jami'o'i ke yi da kansu. A 2024 kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zauna jarrabawar ba su kai maki 200 ba, wato akasarin masu burin likitanci an rufe musu ƙofa tun ranar da sakamako ya fito. A jami'o'in tarayya kuma ana raba gurbi ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka ce suna baya a karatun boko. A kan wannan kuma akwai hukumomin sana'a. Majalisar kula da likitoci ta ƙasa ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makarantar likitanci za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Majalisar kula da ilimin shari'a ma haka take yi wa tsangayoyin lauyoyi, domin makarantar horar da lauyoyi, da rassanta irin na Bagauda da Yola, tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Ko shugaban jami'a na so, ba ya iya ƙara kujera ɗaya a ajin likitanci ba tare da ya jefa makomar ɗaliban cikin haɗari ba. Sauran sassan da ba su da irin wannan takunkumi su ne ke karɓar ambaliyar.

Kafin 2017, yaro kan je allon sanarwa ya tarar da sunansa a ƙarƙashin wani kwas da bai taɓa jin sunansa ba. Daga wannan shekarar JAMB, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, ta kawo tsarin ba da gurbi ta intanet mai suna CAPS, wanda ya wajabta a nemi amincewar ɗalibi kafin a sauya masa kwas, kuma shi zai danna ya karɓa ko ya ƙi. Ci gaba ne, ba shakka. Sai dai a duba halin da yake ciki lokacin da zai danna. Wataƙila wannan ne zamansa na biyu ko na uku. Abokan karatunsa sun yi gaba. A gida an fara yi masa kallon zaman kashe wando. In mace ce, an fara maganar cewa tunda karatun ya ƙi, sai a duba batun aure. Ya san hukumar bautar ƙasa ba ta ɗaukar wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala digiri, kuma kamfanoni da bankuna da yawa suna sa iyakar shekaru ƙasa da haka. Sai yayansa ya ce, "Kai dai karɓi, in ka shiga ka canza." Ya danna. A takarda ya amince. A zuciya kuwa wani zancen ne.

Amma a ganina matsalar ta girmi JAMB. An yi babban zaɓin tun yaro yana ɗan shekara 14 ko 15, ranar da aka raba 'yan aji huɗu na sakandare zuwa ajin kimiyya da na fasaha (wato na adabi da tarihi) da na kasuwanci. A makarantu da yawa ba a tambayar yaro abin da yake so. Ana duba sakamako ne, masu ƙoƙari a tura su kimiyya, saura a ce su tafi ɗaya ajin. Da wannan kaɗai an koya wa yaro darasi biyu masu cutarwa: cewa tarihi da adabi da tattalin arziki na marasa ƙoƙari ne, kuma cewa in dai yana da kai, to likita zai zama ko injiniya. Yarinyar da Allah ya ba baiwar rubutu da iya muhawara sai ta tsinci kanta tana fama da fiziks shekara uku saboda ta zo ta ɗaya a aji uku. Lokacin da za ta gane inda zuciyarta take, darussan da ta zauna a WAEC da NECO sun riga sun ɗaure ta, domin ba a shiga fannin shari'a ba tare da darasin adabin Ingilishi ba. A ƙauyuka kuma abin ya kan zo ta ɗaya fuskar: yaro na son kimiyya, makarantar ba ta da malamin fiziks, shi ke nan an gama magana.

Manufar ilimi ta ƙasa tun ta 1977 ta yi tanadin malaman ba da shawara kan zaɓin sana'a a makarantun sakandare. A inda ake da su, sau da yawa an ɗora musu koyar da wani darasi saboda ƙarancin malamai, ofishin ya zama suna kawai. Sakamakon haka ɗalibi yakan gama sakandare sana'o'i biyar ko shida kawai ya sani, waɗanda ya gani da idonsa: likita, lauya, injiniya, soja, ma'aikacin banki, malamin makaranta. Bai taɓa haɗuwa da mai auna filaye ba, ko mai ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, ko masanin ma'adinai, ko mai ƙididdiga. Ranar cike fom, sai ka ga mai buga kwamfuta a cibiyar rajista ne ke ce masa, "Wannan makin da kake sa rai ba zai ba ka wancan ba, sa wannan." Shawarar da za ta bi mutum har tsufansa ana yanke ta cikin minti biyar, ga layi a bayansa ana cewa ya yi sauri.

Sai gida. Ana yawan ɗora wa iyaye laifi a nan, kuma ban yarda da duk laifin da ake ɗora musu ba. Uban da ya sayar da amfanin gona ko ya ci bashi ya biya kuɗin makaranta, in ya dage sai likitanci ko jinya ko haɗa magunguna, ba jahilci ne ke damunsa ba. Ya ga 'ya'yan maƙwabta sun gama digiri sun dawo suna zaune. Ya lura cewa kwasa-kwasan da ke ƙarewa da lasisin aiki, waɗanda doka ta hana wanda bai karance su ba ya taɓa sana'ar, su ne ba a cika zama da kwalinsu a akwati ba. Lissafinsa daidai ne gwargwadon abin da ya gani. Haka uwar da ke son 'yarta ta zama likitar mata: ta san abin da ake sha a asibitocinmu, ta san matan da ke ƙin zuwa awo saboda namiji za su tarar. Wannan buri ne mai daraja. Inda gizo ke saƙar shi ne tarbiyyarmu ba ta ba yaro fuskar da zai ce, "Baba, ni fa jini tsoro yake ba ni." Zai sunkuyar da kai ya ce to, yana neman albarka, kuma uban zai ɗauka sun daidaita.

Masana halayyar ɗan Adam biyu 'yan Amurka, Edward Deci da Richard Ryan, sun daɗe suna nuna cewa ƙwazon mutum a kan aiki yana tsayuwa ne a kan abu uku: ya ji cewa da yardarsa yake yi, ya ji yana iyawa, kuma ya ji yana da mutane a wurin. Abin lura a bayaninsu shi ne, yarda ba ta nufin sai mutum shi kaɗai ya ƙirƙiro ra'ayin. Yaron da mahaifinsa ya zaunar da shi, ya faɗa masa dalili, ya saurari nasa, har dalilin ya zama nasa, yana iya riƙe kwas ɗin hannu bibbiyu. Wanda aka yi wa umarni kawai shi ne ke janye jiki a ranar da karatu ya yi zafi. Bambancin ba tsakanin biyayya da rashinta yake ba. Hira ce ta awa ɗaya da gidaje da yawa ba a yin ta.

Da a ce rashin gamsuwa ya tsaya ga waɗanda aka sauya wa kwas, da maganar ta zo da sauƙi. Amma akwai ɗimbin waɗanda suka sami ainihin abin da suka nema, kuma su ne suka fi shiga uku a ɓoye, domin ba su da bakin yin ƙorafi. Wa zai kai kuka cewa an ba shi likitanci? Shekara shida ce in babu yajin aiki, kuma a tsakiya akwai babbar jarrabawar nan ta sanin sassan jiki da aikinsu da sinadaransu, wadda in mutum ya kasa haye ta bayan damar da aka ba shi, sai a sallame shi zuwa wani sashe. Yaron da unguwa ta shekara uku tana kiran sa "Dokta" yanzu zai koma aji biyu a wani kwas. Akwai waɗanda ke ɓoye wa iyayensu wannan labari har tsawon shekaru. Haka yaron da ya nemi injiniyan lantarki saboda tun yana ƙarami shi ke gyara rediyo da fitilar gida: ya shigo yana zaton waya da sukundireba zai riƙe, sai ya tarar da lissafi shafi-shafi har shekara uku kafin ya taɓa wani abu da hannunsa. Mai karatun kwamfuta da ake rubuta wa manhaja a kan allo ya kwafa a littafi ya haddace. Mai karatun aikin jarida da zai gama bai riƙe kyamara sau uku ba. Su ba kwas ɗin suka tsana ba. Abin da aka kira da sunan kwas ɗin ne bai yi kama da abin da suka zo nema ba.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, kuma nan ne nake ganin ba a cika tsayawa a duba ba, akwai waɗanda aka jefa su inda ba su so, daga baya suka ce ko da kuɗi ba za su bar wurin ba. Sha'awa ba abu ce da ake haihuwar mutum da ita a kammale ba; tana tsirowa ne in ta sami wanda ya shayar da ita. Ɗauki sashen harsunan Najeriya. Da wuya ka sami ɗalibin da ya sa Hausa a zaɓin farko, kuma wanda aka ba yakan sha tambayar, "Hausar da kake ji za ka je jami'a ka karanta?" Amma harshen nan ne BBC ke watsa shirye-shirye da shi tun 1957, ga DW da RFI, ana koyar da shi a jami'o'i a Jamus da Foland da Sin, ga aikin fassara, ga kamfanonin fasaha da ke neman wanda ya san nahawunsa da gaske. Ɗalibin da ya haɗu da malamin da ya buɗe masa yadda karin sauti ke sauya ma'ana, ko ya zaunar da shi a kan waƙoƙin ƙarni na 19, yakan fita da wani ido daban. Haka wanda aka tura kimiyyar ƙasar noma a Zariya, yana tafe yana ƙunci, bai san cewa cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke gefensa ta fi jami'ar kanta tsufa ba, kuma irin dawa da masara da wake da auduga da manoman Arewa ke shukawa da yawa daga can suka fito. Ranar da aka kai shi gonar gwaji ya ga abin da ake yi, lissafinsa na iya sauyawa.

To amma yaushe sashen ke samun damar yin wannan zawarci? Shekarar farko a jami'o'inmu, musamman a kimiyya, darussan gama-gari ne. Ɗaruruwan ɗalibai, wani lokaci sama da dubu, a ɗaki guda, na baya ba ya jin malami, wasu a kan taga. Sashen da aka ba yaro ba ya ganin sa sosai sai a aji biyu. A wannan shekara ta farko, wadda ita ce zuciyarsa ke rawa, babu wanda ya kira shi ya ce ga abin da ake yi da wannan ilimi, ga waɗanda suka gama nan da inda suke yanzu. Shi kuwa ya riga ya sake sayen fom ɗin JAMB a ɓoye, ƙafa ɗaya a lakca, ɗaya a darasin share fage. Ba ya ba wa ko ɗaya haƙƙinsa. In jarrabawar ta sake ƙi, sai ya waiwayo ya tarar makinsa na shekarar farko ya lalace, ga kwasa-kwasan da zai maimaita, kuma wannan rauni zai bi shi har matakin digirin da zai fita da shi. Daga nan sai ƙiyayyar ta sami hujja: ba ya son kwas ɗin don haka bai ci ba, bai ci ba don haka ya ƙara tsanar sa.

Batun "in ka shiga ka canza" kuwa, wanda ya faɗa bai san yadda ƙofar take ba. Sauya sashe yana buƙatar maki mai kyau a kwas ɗin da kake son gudu daga gare shi, sai sashenka ya yarda ya sake ka, sai wancan ya yarda ya karɓe ka, sai akwai gurbi, sai darussanka na sakandare da na JAMB sun dace. Zuwa likitanci ko shari'a kuwa kusan a rufe take saboda ƙayyadadden adadin nan. Kuma inda ƙofa ta yi ƙunci, alfarma ce ke shiga gaba. Ɗalibai suna gani. Wanda ya ga abokinsa mai maki ƙasa da nasa ya haye saboda takardar wani babba, ba kwas ɗinsa kaɗai zai tsana ba, har da makarantar.

Ko wanda ke son karatunsa kamar ransa, akwai abin da ke gajiyar da shi. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ɗalibin da ya shiga a 2019 don digirin shekara huɗu ya ga ƙannensa da ke jami'o'i masu zaman kansu sun riga shi fita. A waɗannan watanni da yawa sun kama sana'a, sayar da waya, ɗinki, harkar POS, tsaron shago a Kantin Kwari, kuma suka ɗanɗani kuɗin kansu. Da aka koma aji, tambayar da ke ransu ita ce, me wannan karatu zai ƙara mini a kan abin da na riga na fara samu? Sai ga ƙarin kuɗin rajista da jami'o'in tarayya da dama suka yi a 2023, daidai lokacin da cire tallafin mai ya ninka kuɗin mota da na abinci. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya ceto karatun mutane da yawa, amma ya ƙara wa tambayar nauyi: bashi ne da za a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, kuma wani zai ci shi ne a kan kwas ɗin da bai nema ba. Na kwalejin kimiyya da fasaha kuma nasa ciwon daban ne. Yana iya ƙaunar abin da yake koyo, ya fi ɗan jami'a iya aikin hannu, amma ya san bambancin da ake nunawa tsakanin babbar difloma da digiri a wurin ɗaukar aiki da ƙarin girma yana jiran sa a waje.

Akwai wani abu da ke sa auna wannan lamari ya yi wuya a wurinmu. Ka tambayi ɗalibi Bahaushe ko ya gamsu da kwas ɗinsa, zai ce, "Alhamdu lillahi, haka Allah ya zaɓa mini, Allah ya sa shi ne mafi alheri." Kuma da gaske yake. Wannan imani ƙarfi ne. Ya riƙe dubban matasa da a wata ƙasa da sun watsar da karatun ko sun faɗa wani hali. Amma haƙuri da gamsuwa ba abu ɗaya ba ne. Mai haƙuri zai zo aji, ya haddace abin da malami ya bayar, ya ci jarrabawa, ya karɓi kwali. Wanda ya gamsu shi ne zai bi malami ofis da tambaya, ya karanta abin da ba a sa shi ba, ya yi aikin bincikensa na ƙarshe da kansa maimakon ya biya a rubuta masa. Ƙasa tana cin moriyar na biyun ne. Kuma bai dace hukumomin ilimi su fake da tawakkalin yara su ce ai babu mai kuka ba. Yarda da ƙaddara tsakanin bawa ne da Ubangijinsa. Ba ta sauke wa mai tsara manufa nauyin da ke kansa.

Inda wannan ya fi yi mini ciwo shi ne fannin koyarwa. Tunda nan ne gurbi ya fi yawa kuma masu nema suka fi ƙaranci, nan ake juye duk wanda ya rasa wuri, a jami'a da kwalejojin ilimi, waɗanda makin shigarsu ma ya yi ƙasa da na jami'a. Ma'ana, sana'ar da za a damƙa wa yara 'yan shekara shida ita ce muke cikawa da mutanen da suka shigo suna neman hanyar fita. Akwai haziƙai masu kishi a cikinsu, kuma su ne ke riƙe da makarantunmu, amma tsarin bai nemo su ba, dace aka yi. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare sama da 21,000 daga cikin kimanin 33,000 sun faɗi jarrabawar gwajin da ta yi musu. An yi ta jayayya kan yadda aka gudanar da gwajin da korar da ta biyo baya, amma ba a cika tambayar ta wace hanya waɗannan mutane suka shigo aikin tun farko ba. A 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da alawus na naira 75,000 a kowane zango ga ɗaliban da ke karatun digirin ilimi, da 50,000 ga ɗaliban NCE. Sanarwar kanta shaida ce cewa an san fannin sai da lallashi. Amma ɗan shekara 18 ba alawus ɗin zango yake kallo ba. Malaminsa na firamare yake kallo, da irin rigar da ke jikinsa, da watannin da yake yi yana jiran albashi daga ƙaramar hukuma. Malamin da bai so aikin ba kuma shi ne zai tsaya gobe a gaban 'yan aji uku yana raba su kimiyya da fasaha.

Ƙara guraben likitanci, kamar yadda gwamnati ta sanar a 'yan shekarun nan, yana da amfani in an ƙara malamai da kayan aiki tare da shi, amma ko an ninka su sau biyu, mafi yawan masu nema za su rasa. Gyaran da ya fi kusa da hannu yana cikin jami'a ne. A jami'o'in Amurka da yawa ɗalibi ba ya tsayar da fanninsa sai wajen ƙarshen shekara ta biyu. Ba sai mun kwafi wannan gaba ɗaya ba, amma tunda 'yan aji ɗaya a tsangayar kimiyya kusan darussa iri ɗaya suke yi, me zai hana a ɗauke su da sunan tsangaya, kowane sashe ya zo ya baje musu kolinsa a cikin shekarar, sannan su jera zaɓinsu a ƙarshe bisa makin da suka samu a nan cikin jami'a? Za a ce ai duk wuri ɗaya za su sake rugawa. Wasu za su ruga, gaskiya ne, kuma wasu za su rasa. Amma wanda ya rasa a lokacin ya rasa ne bayan ya ga sassan da idonsa, kuma bisa aikin shekara guda, ba bisa jarrabawar awa biyu a gaban kwamfutar da wataƙila ranar ya fara taɓa irinta ba. Sassan da ake rainawa kuma dole su tashi su nemi ɗalibai, maimakon su zauna a kawo musu waɗanda aka tilasta. Sabon tsarin manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta, kuma darasi guda a aji ɗaya kan abin da ake yi da kowane fanni a duniyar aiki zai shiga cikin wannan sarari ba tare da an nemi izinin kowa ba.

A Birtaniya tun 2005 ake tambayar ɗaliban shekarar ƙarshe, kowace shekara, yadda suka ga koyarwa da gyaran jarrabawa da kulawar malamai da kayan karatu, a buga sakamakon kwas-kwas, jami'a-jami'a, yadda mai shirin shiga zai duba kafin ya cike fom. Mu a nan, tantancewar da NUC ke yi ta fi ba da ƙarfi a kan yawan malamai da littattafai da gine-gine da kuɗin gudanarwa, abubuwan da ake iya shiryawa kafin baƙi su iso. Alhali rabin bayanan da ake buƙata suna nan a ajiye. JAMB ta san kwas ɗin da kowane ɗalibi ya sa a zaɓin farko da wanda aka ba shi. Jami'o'i sun san wanda ya gama, da matakin da ya fita da shi, da wanda ya maimaita shekara, da wanda aka sallama, da wanda ya ɓace a aji biyu. In aka haɗa rajistar nan biyu, kowane shugaban sashe zai ga kashi nawa na ɗalibansa ne suka zo da ƙafarsu, nawa aka kawo, da yadda kowane rukuni ya ƙare.